Shekara Bakwai Ina Ɗaura Zane

Shekarun baya, ni ɗin nan mai gemu, sai da na yi shekara bakwai ana ce mani ɗiya mace. Ku yi dariya, na saba.

Maza huɗu mahaifiyata ta haifa kafin ni, babu wanda ya ga ranar suna. Matan kuwa lafiya lau. Da ta samu cikina sai ta ɓoye. A ɗakin ajiyar hatsi ta durƙusa ita kaɗai, ba ungozoma, ba guɗa. Aka ce wa dangi mace aka samu. Aka huda mani kunne, aka ɗaura mani zane.

In mahaifina ya yi ƙorafi sai ta ce, "Malam, matan Bani Isra'ila ba haka suka yi wa Fir'auna ba?"

Shi kuma ya ce, "To wane ne Fir'aunan a nan unguwar Ƙofar 'Yandaka?"

Wata rana da azahar ina tsakar gida ina tsince wake, sai ga wata doguwar mata ta shigo ba sallama. Ban san ta ba. Kajinmu duk suka yi tsit.

Ta ce, "Ina yaron gidan nan?"

Mahaifiyata ta ce, "Baiwar Allah, nan sai mata."

Matar ta duƙo, ta kama kunnena tana juya ɗan kunnen. Hannunta sanyi kamar gindin randa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ashe ɓatan kai na yi. Wane gida ke da shi?"

Mahaifiyata ta nuna katangar maƙwabta da haɓa.

Kafin magariba muka ji kururuwa. Ɗansu ne, sa'ana, zazzaɓin yini ɗaya.

Ajali ne, haka malamai suka ce, ni ba mai ilimin ja da su ba ne. Da shekara ta zagayo aka warware mani kitso, aka sa mani wando. Har mahaifiyata ta rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba. Mutane na cewa dabararta ta yi rana. Su ba su ga haɓar nan ba.

Uwar yaron tana nan da rai, ba ta san komai ba. Duk Juma'a takan tsaya gaban rumfata a Babbar Kasuwa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Da yanzu shi ma ya yi furfura."

Sai in ce, "Haka ne, Inna." In cika mata kwano da gero, kaina a ƙasa, har ta wuce.