Wanda Ya Koma Baya

A da, a barikin 'yan reluwe na Kafanchan inda aka haife ni, idan an cinye tuwon yamma wuri ɗaya idanunmu ke komawa: bakin murhun Kaka. Yanzu a gidana bango ake kallo, inda talabijin ke rataye, kuma ba zan yi ƙarya in ce tilasta mini aka yi ba. Ni na saye shi, ni na sa aka ɗora farantin kama tashoshi a kan rufi, don abu ɗaya tak: tseren dogon zango. Ƙwallo ba ta dame ni ba. Amma ranar Lahadin da za a yi babban tsere a Landan ko Balin, sujadar farko nake zuwa a coci, in dawo da sauri, in tabbatar akwai mai a janareto.

Aiki ya kai ni wurare da dama. A tsaunukan Kenya na ga yara suna gudu da sassafe, numfashinsu na fita kamar hayaƙi, na ce a raina ai waɗannan duwatsunmu ne na Kagoma, sai dai su sun mai da ƙafa sana'a. Bature yana da kalma dabam ta gudun wasa, dabam ta gudun tsira. Bafaranshe ma haka. Hausarmu kuwa da Sawahili duk kalma ɗaya suke yi wa biyun. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin abin hira kawai, har yayata Saratu ta zo zama a gidana.

Amma bari in fara da Kaka, don daga wurinta rigimar ta samo asali.

Uwar babanmu ce, daga Fadan Kagoma aka kawo ta bariki bayan ta tsufa. Mu 'ya'yan bariki ba mu jin yarenmu sosai, don haka da Hausa take ba mu labari, irin Hausar da ta koya a kasuwa tana sayar da doya. A bakinta kowa "ya" ne, mace da namiji. Za ta ce, "Saratu ya tafi ɗiban ruwa, har yanzu bai dawo ba," mu fashe da dariya, ta ɗauko muciya ta yi kamar za ta jefe mu. Tana gasa mana gyaɗa a toka, tana ture garwashi da yatsa kamar wutar ba ta san ta ba. Idan ta gyara zama sai ta ce, "Labari ya sauko daga dutse." Mu ce, "Ya zauna mu ji."

Wanda na fi so shi ne na Ƙafar-Iska. A zamanin da mahara ke zuwa a kan dawakai suna kama mutane, akwai saurayin da ba wanda ke cim masa a gudu, shi da ƙanwarsa da tsohon ubansu gurgu. Wata safiya aka busa ƙaho, gari ya watse, kowa ya nufi dutse, don doki ba ya hawan dutse. Nan Kaka ke rage murya.

"Ƙafar-Iska ya wuce kowa. Ƙanwar yana binsa a baya, yana haki. Ya kai kan dutse. Ya duba, tsoho babu. Ya juya, ya koma cikin ƙura. Ya goya tsoho, ya bi ta rafi, ya kawo shi. Rana ya faɗi kafin ya iso."

Sai ta tofa yawu a wuta ta ce, "Labari ya koma dutse."

Ni da nake cin tsere a firamare, wannan labarin nawa ne. Mai gudu shi ke fara isa, shi ke da ƙarfin komawa. Da shi na girma, da shi na yi yawon duniya, kuma duk lokacin da na ga wani ɗan Habasha ya ɓalle daga ayari ya bar su a baya, Ƙafar-Iska nake gani.

Saratu ta zo wurina ne bayan an kai wa ƙauyen mijinta hari da asuba. Masu ƙafa suka gudu. Mijinta Bitrus yana da shanyewar ɓarin jiki. Ta riga ta kai bakin gonakin citta, ta juya, ta jawo shi har cikin kwari, suka kwanta a laka har rana ta fito. Bai yi mako biyu ba ya rasu. Ɗansu Yakubu kuwa, ƙaton saurayi, shi ne mutum na farko da ya iso Kafanchan a ranar. Ban taɓa tambayarsa komai ba. Na ba Saratu ɗakin baƙi, na ba shi shagon waje, na ce su zauna har ƙarshen raina.

Abin da ya ɓata mu, Yakubu ya kamu da son tsere. Yana zama kusa da ni, yana koyon abin da nake koya masa: yadda ake gane wanda ya gaji daga kafaɗarsa, da masu jan ayari waɗanda ake ɗauka su yi gaba su sauka a rabin hanya. Uwar kuwa tana wucewa ta falo ba ta kallon bango. Idan muka yi ihu sai mu ji ƙarar tukwane a kicin.

Wata Lahadi muna tsaka da kallo, mutum biyu sun rage a gaba, ta shigo da kayan cocinta, ta tsaya a gaban talabijin.

"Yaya, matsa mana," na ce. "Sun kusa."

"Wa ya koro su?"

"Ba wanda ya koro su. Tsere ne."

"Tsere. Kai mai harsuna bakwai, me ake ce masa da Hausa? Faɗi mana mu ji."

"Gudun fanfalaki."

"Ɗayan sunan nake so, Dauda. Na rediyo."

Ita ta faɗa, tana rarraba kalmomin kamar tana tsince tsakuwa a wake: "Gudun ya da ƙanin wani. Ko sunan bai ishe ka kunya ba? Tun safe nake leƙowa, na gaba kaɗai suke nunawa. Ina na baya? Ina wanda ya faɗi? Ka zaunar mini da yaro kana koya masa tafi."

"Mama," in ji Yakubu, "wasa ne fa."

"Kai kar ka sa baki. Kai ka riga ka ci naka kofin."

Yaron ya tashi ya fita, ko takalmi bai ɗauka ba. Nan raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata gidana ne, bangona ne, kuma ba za ta mai da kowane mai gudu matsoraci ba don baƙin cikinta. Na ce ko Kaka da ta raine mu ta san darajar ƙafa. Wa ya ceci tsohon a labarinta in ba Ƙafar-Iska ba?

Ta yi wata dariya da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Ƙafar-Iska? Kai duk tsufan nan haka ka ɗauka? Ƙanwar ce ta koma! Shi yana kan dutse yana shan iska."

"Ya juya, ya koma, haka ta ce. Ina zaune a wurin."

"Ni ma ai 'ya' ce a bakinta. Yaushe Kaka ta taɓa ce wa mace 'ta'? Ta ce ya kwance zani ya goya shi. Wane namiji ke da zani?"

"Babu zani a labarin. Ke kika saka shi yanzu."

"Akwai. Kana barci a cinyata da gyaɗa a baki."

"A zamanin mahara ma wa ke da zani? Ganye matanmu ke ɗaurawa."

"To je ka tambaye ta."

Ta san inda ta buga. Kaka tana kwance a maƙabartar Fadan Kagoma tun kafin in yi aure, sauran da suka zauna a bakin murhun nan duk sun bi ta. Mu biyu muka rage, kowa da nasa. Kafin ta matsa daga gaban talabijin an gama tseren, ban ga wanda ya ci ba, na kuwa faɗa mata hakan. Ta ce madalla.

Fasto ya zo har gida, ya yi mana addu'a, muka ce amin ba mu kalli juna ba. Saratu ta ce sharaɗinta ɗaya: kada a sake kunna abin nan muddin tana gidan. Na ce ba zan kashe ba, don in na kashe, na yarda ke nan cewa ɗanta abin kunya ne, ni kuwa ban yarda ba. Yaro ya ji bindiga ya gudu. Ba a taɓa yi mini asuba irin tasu ba, balle in auna shi. Da mako ya zagayo ta ɗaure kayanta a bayan babur, ta tafi wurin 'yarta a Gwantu. Yakubu ya ci gaba da zama a wurina.

Har gobe ina jin haushinta, kuma ba don tseren da na rasa ba. Na juya kalmomin Kaka ta kowane harshen da na sani. A Turanci dole ka zaɓa, namiji ko mace. A Hausar littafi ma dole. A bakin Kaka kaɗai mutum biyu ke iya shiga kalma ɗaya, kuma wani lokaci ina zargin tsohuwar ta san abin da take yi, ta bar yaro mai gudu da yarinya mai goyo kowa ya kwashi abin da zai iya ɗauka. Wani lokacin kuma in ce Hausarta ce kawai ba ta nuna ba.

Ina kallon tsere har yanzu, ni kaɗai, don Yakubu ya daina shigowa falo ranar Lahadi. Jikokina sun zo hutu sun roƙe ni labari, na fara musu na Ƙafar-Iska, na kai shi kan dutse, na tsaya. Ƙaramar ta ce, "Kaka, sai wa ya koma?" Na ce ban sani ba. Saratu ba ta sake taka gidana ba, ni kuma ban sake iya ƙarasa labarin ba.