Baba Ilu da gwamnan da na tsallake

Ina tsaye a ƙofar masaukin baƙi da nake aiki a unguwar Aziziyya ta Makka, ina jiran motar da za ta kwashi masu Umra, sai ga wayar Hajiya Rabi, 'yar Baba Ilu. Ta ce Baba ya cika bayan sallar Asuba, za a yi masa salla a Harami bayan La'asar. Na yi salati, na nemi wuri na zauna. Wata bakwai ke nan rabona da gidansa, alhali daga Aziziyya zuwa Hindawiyya, unguwar da yake zaune, tafiyar tasi ce da ba ta kai rabin awa ba.

Malam Iliyasu, wanda duk muke kira Baba Ilu, ya yi aikin buga tafireta a ofishin gwamnan jiharmu tun yana saurayi har ya yi ritaya. Da matarsa ta rasu, Hajiya Rabi da ke aure a Makka ta ɗauko shi ya zauna kusa da ita. Lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, a ɗakinsa na kwana har takarduna suka daidaita. Bai taɓa tambayata ranar tashi ba.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan jiharmu kan taru a wurinsa shan shayi. Da an fara gardamar siyasa, a kansa ake ƙarewa, domin ya san gwamnoninmu ɗaya bayan ɗaya, na soja da na farar hula, wanda ƙuri'a ta kawo da wanda aka wayi gari aka ji sunansa a rediyo. Ya san wanda ya cika wa'adinsa da wanda ko shekara bai rufa ba. Idan wani ya ce wane bai yi kome ba, sai Baba ya ajiye kofinsa ya ce, "Ni na buga takardar shigarsa, ni na buga ta fitarsa. A tsakani ya yi wani abu. Bari in faɗa maka." Sai ya faɗi alherin mutumin, ya faɗi inda ya gaza, duk da murya ɗaya. Abin da ke cikin wasiƙun sirri kuwa, ko da wasa ba ya faɗa. Yakan ce amana ba ta yin ritaya tare da mai ita.

Na taɓa raka shi ɗawafi ina tura kekensa, na ji yana yi wa gwamnonin addu'a da sunayensu a jere, har da wanda ya taɓa dakatar da shi daga aiki kan laifin da ba nasa ba. Da na yi masa magana, cewa ya yi shi ma mutumin yana da hisabi a gabansa, kuma nasa ya fi namu nauyi.

Yanzu sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wanda da na so in ɓoye.

A azumin bara gwamnanmu mai ci ya zo Umra, ƙungiyar 'yan jiha ta shirya masa buɗa-baki. Ni ne sakatare, ni aka ɗora wa jawabin tarihin jihar. Na je wurin Baba, ya yi yamma biyu yana faɗa ina rubutawa. Ana gobe taro, wani daga cikin hadiman gwamnan ya karanta takardar, ya sa yatsa a kan sunan wani tsohon gwamna da ba sa ga-maciji da maigidansa, ya ce a cire. Ya ce aikin ruwan garinmu ma, wanda wancan ya fara, a faɗe shi a cikin ayyukan na yanzu. Sannan ya tambaye ni ko ina da ɗan'uwa a gida da ke neman aiki. Ina da ƙane da ya gama karatu yana zaune. Ban yi musu ba, na cire.

Da hannuna na ɗauko Baba a tasi, na zaunar da shi a sahun gaba. Da na tashi jawabi, na buɗe da cewa duk abin da za a ji daga bakin Baba Ilu ya fito, mutumin da ya ga kome da idonsa. Aka yi tafi, gwamna ya miƙe ya gaishe shi. Na karanta sunayen a jere, na haure wancan na wuce. Baba bai ɗago kai ba.

A hanyar komawa, da muka kusa Hindawiyya, sai ya ce, "Bashir, ka tsallake mutum ɗaya."

Na ce lokaci ne ya ƙure, Baba.

Ya ce, "To shekarunsa fa, ina ka kai su? An haifi mutane a cikinsu, an binne mutane. Kuma ka ce daga bakina ka ji."

Da muka isa ma sa mini albarka ya yi, ya ce in gaida iyali. Tun daga ranar na daina zuwa shayin Juma'a. Sau biyu yana aiko Hajiya Rabi ta kira ni, ina cewa ina nan tafe. Ba fushi nake yi ba. Ban san da wane ido zan dube shi ba. Aikin ƙanena ko labarinsa ban sake ji ba, kuma ko da ya samu, ba zai wanke ni ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga yi wa Hajiya Rabi gaisuwa, ina jiran ta yi mini faɗa. Sai ta ce, "Kada ka damu, ya Bashir. Duk wanda ya tambaye ka, Baba cewa yake yi aiki ne ya yi maka yawa." A nan na gane bai gaya wa kowa ba, ko ita.

Don haka ni zan faɗa. Duk wanda ya halarci wancan buɗa-baki ya sani: jawabin da na karanta ba na Baba Ilu ba ne. Nasa cikakke ne, babu wanda ya bari a baya. Tsohon gwamnan ya yi mulkinsa, shi ya fara aikin ruwan, ni na goge shi. Na tura wa 'yan ƙungiya ainihin abin da Baba ya faɗa, ban taɓa ko harafi ba.

Allah Ya jiƙan Malam Iliyasu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Hajiya Rabi da mijinta da jikokinsa na nan da na gida haƙurin rashinsa. Ni kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan ya gama yi wa Baba addu'a, ya roƙa mini gafara, domin na makara wajen neman tasa. Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.