Kambun Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar Tawa, ni da kawuna da direban da ya ɗauko mu, muka nufi Takanamat. Daga Yamai muka iso jiya da la'asar, inda Kawu yake wankin ƙoda, kuma dole mu koma kafin ranar wanki na gaba. Mahaifiyarsa, kakata, ita ta aiko cewa tana son ganinsa, alhali idanunta sun daina gani tun bara.

Wanda bai san Kawu ba, zai yi zaton tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Ɗan kokowa ne, kuma ina yaro babu filin da ba a kiɗa masa ganga ba a arewacin Adar. Ciwon ƙoda ne ya zaunar da shi. Robar wankin ƙoda da aka yi ta sa masa a wuya ta ƙuntata babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, har ta toshe. Hannunsa na dama, inda aka haɗa masa jijiyar wanki, ya kumbura kamar taɓarya, fuska ma ta hau. A Tunisiya aka buɗa jijiyar, aka zura mata wani ɗan bututun raga mai rufi don kada ta sake rufewa, sai kumburin ya fara sauka. Likitan ya faɗa mana ƙarara cewa jijiyoyin hagu sun riga sun lalace, wannan ce hanyar da ta rage. Kada a matse hannun da komai, ko agogo, kada kuma ya kwanta a kansa.

Da muka sauka daga gudro, wato kwalta, sai jar hanya ta karɓe mu da girgiza. Direban nan yana ganin rami kamar ya ga ɗan'uwansa, sai ya je sun gaisa. An gama girbi, rumbuna sun cika, shanu na kiwo a cikin karan gero. A wani ƙauye muka tsaya na sayi cuku wajen wata Buzuwa, ta ce dala hamsin ɗaya, na ce a zamaninmu kyauta ake ba yaro, ta ce to in koma yaro. Kawu bai ci ba, gishiri da ruwa duk da awo yake shan su. Shi dai yana ta nuna mini wurare: ga inda ya kayar da wane, ga gawon da suka sha fura a ƙarƙashinsa. Gawon yana nan, filin kuwa an gina shaguna a kai. Na ji kewa ta kama ni, don a kafaɗarsa nake zama idan an tashi daga wasa.

Mun sami Kaka a bakin ɗakinta, a kan tabarma. Ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, ta ce ya rame. Aka kawo fura mai sanyi, ya taɓa leɓe ya miƙo mini, na shanye masa kunyar. Sai ta laluba ƙarƙashin tabarma ta fito da kambunsa na kokowa, wanda ake ɗaurawa a damtse, fatar ta yi baƙi saboda tsufa. Ita take ɗaura masa shi da hannunta kafin kowace karawa, kuma tana jan igiyar har sai ta shiga nama.

"An ce mini hannun ga ya kumbura," ta ce. "Tun randa ka aje shi ciwo ya same ka. Miƙo damanka."

Kawu bai taɓa ce mata a'a ba, kuma ina kallo ya naɗe hannun riga ya miƙa. Na buɗe baki, ya ɗaga mini yatsa. Kafin ta zagaya igiyar sai ya kama yatsunta ya ɗora a kan jijiyar wankin, wadda take kaɗawa ƙarƙashin fata ba dare ba rana.

"Inna, mi kika ji?"

Ta ƙara dannawa a hankali. "Kamar zuma cikin amya."

"Ita ka riƙe da ni. In anka matse ta, ta yi shiru, to ni ma na yi shiru."

Ya ja hannunta zuwa ƙasan wuyansa, ya gaya mata a nan aka sa abin da ya buɗe hanyar. Ta daɗe tana shafa wurin. Sannan ta ce, "Ashe sun riga ni, sun ɗaura maka ta ciki. Kawo hagun."

Ta ɗaura a hagu. Igiyar da a da take isa da ƙyar, yau sai da ta zagaya damtsen sau biyu, har da saura. Kaka ta bi sauran igiyar da yatsa har ƙarshenta. Ni na fita waje, wai zan duba mota.

Bayan azahar muka juyo. Kawu ya ɗora hannun dama a kan matashi, duk ramin da muka faɗa sai ya taɓa jijiyar ya gyaɗa mini kai. Mun shiga Tawa ana kiran magariba, washegari muka kama hanyar Yamai, kuma an yi wankin lafiya.

Na tafi da shirin yin gardama da tsohuwa, da bayanin likita cike da bakina. Abin da na koyo shi ne wanda ba ya gani a hannu ake yi masa bayani, kuma Kawu ya fi ni sanin uwarsa. Nas ɗin da ke sa masa allura ta tambaye shi ko zai cire kambun. Ya ce ta yi aikinta a dama, hagu na Inna ne.