Idon Inna da Zabuwar Hanyar Tibiri

Dogon Dutsi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka fito daga gidan ɗan'uwan da ya sauke mu, ni da mahaifiyata, za mu koma Dumega. Kwana huɗu ke nan da yi mata aikin yanar ido, bayan shekara uku ba ta ganin ko tafin hannunta. Likita ya ja mini kunne: kada ƙura, kada ruwa, kada komai ya taɓa idon nan. A tasha na roƙi direba, Illa, ya ba mu gaban mota, ina ta jin kaina mai dabara, tunda can babu mai bangazar ta.

Gari na wayewa Inna ta juyo ta ƙare mini kallo ta cikin baƙin tabarau.

"Sani, yaushe kay yi hurhura haka? Ashe tsoho ni ka kira yaro."

Mota ta ɗauki dariya. Ni kuwa daɗi ya hana ni ramawa.

Kore Mai Ruwa

Ƙarfe bakwai muka iso, bayan tafiyar kilomita kusan arba'in da tsayawa ɗaya a shingen jandarma. Muka sha kunu da ƙosai, Inna tana zaɓen nata da kanta, tana ture wanda ya ƙone. Daga nan muka kama hanyar Tibiri.

Ba mu yi minti ashirin ba ta cire tabarau don ta goge da bakin mayafi. A daidai lokacin garken zabi ya tashi daga gefen hanya. Guda ta taho gadan-gadan ta daki gilashin gaba, saitin fuskar Inna. Ƙarar ta yi kamar an fasa tulu. Illa ya taka birki, ni kuma na rufe fuskarta da hannuwana. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don ni na zaunar da ita a wurin.

"Ɗauke hannunka, kana tare mani kallo," in ji ta.

Na duba cinyarta, na duba mayafinta, babu ko ɓurɓushi. Gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, ya lotsa ciki kaɗan, amma yana nan a manne.

Illa ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. "Malam, wanga gilashi biyu na, anka sa danko tsakani. Ko ya hwashe, danko na riƙe da shi. Wai wani Bahwaranshe yay yad da kwalba mai busasshen danko ciki, ta tsage ba ta watse ba. Daga nan dabara taz zo mai."

"To ka ji," Inna ta ce da ni. "Wani ya yad da kwalba guda ya ceci idona. Kai ƙwarya nawa kah hwasa mani, ba ka gano komi ba?"

Zabuwar kuwa, wani fasinja ya riga ya yanka ta kafin ta cika, muka miƙa wa matar da ke da ita a bukkokin gefen hanya, tare da ba ta haƙuri.

Tibiri zuwa gida

Ƙarfe tara muka ratsa Tibiri a hankali, Illa yana leƙen hanya ta inda bai tsage ba. Goma saura muka sauka a Dumega.

Matata ta fito da 'yarmu, wadda aka haifa bara. Inna ta sha goya ta, amma ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Ta karɓe ta, ta juya ta wajen haske, ta ƙura mata ido.

"Kun ce wai da ni taka kama. Ƙarya kuka yi," ta ce. "Wanga goshin marigayi babanku na."

Na gode wa Allah da ya kawo mu lafiya, na gode wa Illa. Bafaranshen nan ma, da ban san sunansa ba, na gode masa.