Wutar da Ke Ƙarƙashin Ɓuntu

Ba na jin akwai ranar da zan manta da Juma'ar nan ta ƙarshen daminar bara. Alhaji Buba, mai gidan casar shinkafar da nake aiki a Nukkai, ya ce in rubuta saboda ku da aka ɗauka bana, kada gobe a ce ba a gaya muku ba.

Sunana Fadimatu. Da na gama sakandare aka ɗauke ni akawu, ni ke karɓar buhunan da motoci ke kawowa daga garuruwan Lau da Mutum Biyu, in sa wa kowanne alamar mai shi. Ga wanda bai san aikin ba: shinkafa tana zuwa da ɓawonta, mata su turara ta su shanya, sannan inji ya cashe. Ɓawon da inji ke fesowa ta baya shi ne ɓuntu. Ba ya ruɓewa da wuri, dabba ba ta cin sa, sai ya yi ta taruwa har tudunsa ya fi rufin ɗakin inji tsawo. Abin da aka saba shi ne a cinna masa wuta a bar shi. Ba ya ci da harshe, ta ciki yake ci, yana hayaƙi wata da watanni. Maƙwabta sun gaji da kawo ƙara, yaransu kullum cikin tari.

Da damina ta kama sai ga ɗaliban wata kwaleji ta nan gari. Su da kansu suka kafa ƙungiya, suna bin masu sana'a, gidajen burodi, mahauta, masu wankin mota, suna ba su shawara kyauta kan rage ɓarna da ƙazantar unguwa. Su biyu suka zo mana, Ishaya da Rahila, 'yan ajin ƙarshe. Malamansu sun haɗa aikin da jarrabawar fita: in mai sana'a bai sa hannu cewa ya gamsu ba, sai su maimaita shekara. Ishaya ya taɓa gaya mini shi kam ba shi da wata shekarar, ƙannensa na gida suna jiran ya fita su shiga.

Shawararsu ita ce a kashe wutar tudun, a riƙa ba matan da ke turara shinkafa ɓuntun su yi girki da shi. Lokacin kananzir ya yi wuya, itace kuma tun da gari ya cika da ma'aikatan sabuwar jiha sai mai ƙarfi. Sun ƙera murhu da tsohon duro, a danna ɓuntu a ciki a bar rami a tsakiya, a kunna ta ƙasa.

Alhaji ya yi dariya ya ce, “Ku 'yan boko, shara za ku koya mini in sayar?”

Rahila ta ce, “Baba, ba sayarwa ba, bayarwa. Kai ka huta da maƙwabta, su su huta da itace.”

Ya ce, “Au, bayarwa ma! To Allah Ya kyauta.” Amma ya yarda.

Aka yi ta jido ruwa a duro ana kwarara wa tudun, damina kuma ta ɗora nata. Hayaƙi ya ɗauke ɗif. Hamma Sale, wanda ke tuƙa inji tun kafin a haife ni, ya hau har ƙoli ya yi tsalle ya ce ta mutu. Sabon ɓuntu ya ci gaba da zuba a kai, fes da shi. Dukanmu mun sha hawa.

Ranar Juma'ar aka sa za a nuna wa mata murhun. Maza duk sun tafi masallaci, sai Ishaya da Rahila da matan turara suna shiri. An yi ruwa da safe, ɓuntun gefe ya jiƙe, murhu ya ƙi kamawa. Na ce bari in ɗebo busasshe daga sama. Na ɗauki daro na hau, silifas ne a ƙafata.

Ina kaiwa bayan tudun, wajen da ba a cika bi ba, sai na ji ƙasa ta buɗe. Na nutse har gwiwa. Da farko ban ji zafi ba, sanyi-sanyi ma na ji, sai da na ga toka fara tana tashi, ja yana leƙowa a ƙarƙashinta. Na yi yunƙurin fita, na ƙara nutsewa. Ban san na yi ihu ba, daga baya aka gaya mini har bakin titi an ji.

Mama Talatu, shugabar matan, ta sheƙo da bokitin ruwa. Na ji Ishaya yana ce mata, “Mama, kar ki zuba! Tururi zai dafa ta!” Ya ja dogon katakon da ake hawa da buhu mota, ya shimfiɗa a kan ɓuntun, ya kwanta a kai yana jan ciki. Rahila da mata suka danne ɗaya bakin. Yana ta cewa, “Adda Fadi, kar ki motsa. Ni kawai za ki kalla.” Ƙafata ta hagu ta maƙale. Sai ya cusa hannayensa biyu cikin tokar har gwiwar hannu, ya kamo ta ya zaro. Warin da na ji a lokacin, ban san nawa ne ko nasa ba.

A asibiti aka kwantar da mu, ni ɗakin mata, shi ɗakin maza. Washegari Alhaji ya shigo, fuskarsa ba annuri, Rahila na biye da shi idonta ya kumbura. Ya gaishe da Goggona, ya zauna, ya ce, “Fadi, gaya mini gaskiya. Wa ya ce ki hau? Zan je wurin shugaban makarantarsu. Sun zo sun kashe mini wuta, sun kusa kashe mini yarinya. Hannuna ba zai hau takardarsu ba.”

Ni ban taɓa yi wa Alhaji doguwar magana ba, ko ina kwana sai na durƙusa nake cewa. Ga zafi, ga tsoro. Amma na ce, “Baba, ba wanda ya ce in hau. Kuma wutar nan tamu ce. Tun kafin su san hanyar Nukkai muka kunna ta. Da ba su zo ba, wani yaron unguwa ne zai faɗa, ba kuma mai katako a kusa.”

Goggo ta zungure ni. Na ɗauka aikina ya ƙare. Sai Alhaji ya ce wa Rahila, “Kira mini shi, in yana iya tafiya.”

Ishaya ya shigo, hannayensa naɗe da bandeji, ya riƙe su gaba kamar mai ɗauke da jariri. Ya fara cewa, “Baba, laifinmu ne, da mun tona ciki mun duba…” Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon bandejin, sannan ya ce, “Kai, da wane hannu za ka rubuta jarrabawar?”

Rahila ta share ido ta ce, “Baba, ko da lafiyarsa ma ba a iya karanta rubutunsa.”

Har Goggo sai da ta dara. Alhaji ya ce zai sa hannu, amma ba ranar ba, sai ranar da tudun ya ɓace gaba ɗaya daga bayan injinsa. Ɗaliban ƙungiyar suka zo da manjagara da dogayen ƙarafa, ma'aikatanmu da mazan unguwa suka shiga ciki, ana ja daga gefe ana bazawa. An ce har a gindin tudun sun tarar da garwashi. Da aka kwashe tas ya sa hannu, ya kuma je makarantar da kansa ya roƙa a bar Ishaya ya amsa tambayoyinsa da baki. An bar shi, ya ci jarrabawar ya fita.

Shi ya sa kuka tarar ba a barin ɓuntu ya kwana. Abin da inji ya fesar yau, yau mata ke kwashewa. In kun ga an fara tara shi, ku faɗa, ko da ku ne mafi ƙanƙanta a gidan.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan idanu ba sa isa. Mu da muka girma da tudun mun yarda da shi, masu karatun ma sun yarda da shi. Ban kuma ƙara ganin mai kawo shawara a matsayin baƙo mai surutu ba, tunda na ga wanda ya bi shawararsa har cikin wuta.

Ƙafata ta warke, sai tabo. Sai dai har yau in na zo wucewa ta wajen tarin yashin magina, kewayewa nake yi, ko da na makara.