Tabarau Mai Kashe Ƙyalli

Ni dai ba masunci ba ne, kada wani ya ɗora mini abin da ban kai ba. Walda nake yi a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, kwana shida ina ƙona ido, ranar Juma'a da sassafe in saɓa birgina, komar nan ta jefawa, in tafi kogin Farin Nilu, can wajen Jabal Auliya. Karfasa nake nema. Ita a gefe take haƙa gurbi cikin yashi, in ka hango ta ka jefa, in ba ka hango ba sai ka wuni kana wa birgi wanka. To ni ba na hangowa. Da hantsi ya ɗaga sai ruwan ya ɗauki ƙyalli kamar sabon faranti, in dawo Umdurman da kifi uku da ciwon kai, matata ta leƙa buhu ta ce, “Sannu da yawon shan iska.”

Wani tsoho da muke haɗuwa a bakin ruwa ne ya gaji da ni. Ya cire tabarau daga fuskarsa ya ce, “Ungo, saka, ka daina jifan inuwarka.” Na saka. La'ilaha illallahu! Ƙyallin nan ya ɗauke ƙaf, sai ga yashi, ga gurabe, ga karfasa jere suna kaɗa jela. Shekara nawa ina taka su ban sani ba! Ya ce ba kowane baƙin tabarau ke yin haka ba, in je kasuwar Suk al-Shabi a Khartum in nemi mai kashe ƙyalli.

Shekarun farko ne na mulkin soja. A lokacin in an ɗauke mutum ba a cewa an kama shi, sai dai a ce bai kwana gida ba. Maƙwabcina, tela a Kasuwar Umdurman, wanda katanga ɗaya ta raba mu tun muna yara, kwanansa tara ke nan bai kwana gida ba. An zo shago an ce ya zo minti biyar, ya bar riga a bakin keke. Mahaifiyarsa, da duk unguwa ke kira Hajja, ba ƙofar da ba ta buga ba, ko'ina a ce ba a san shi ba. Ta daina cin abinci. Ba ma sakinsa take roƙo ba, so take kawai wani ya ce mata yana da rai.

A cikin wannan hali na tafi sayen tabarau, kuma ba zan ɓoye ba, kifi ne a raina. Mai tabarau ɗin yana da tebur a bakin tasha, ga surutu kamar rediyo. Na ɗauki wani baƙi ƙirin, ya fizge ya kira ni usta, yadda ake kiran mu masu sana'ar hannu, ya ce, “Ya usta, wannan na 'yan gayu ne, duhu kawai zai ƙara maka.” Ya haɗa guda biyu, ya juya ɗaya a kan ɗaya, sai gilasan suka rufe baƙi wuluk. Ya ce ainihin ke nan. Ya nuna mini mai ruwan ƙasa, wai ya fi kyau a ruwa marar zurfi, da mai faɗin gefe don kada haske ya sato ta kunne. Na ce duk na ji, amma ni a ruwa zan yi aiki da shi, ina zan ga ruwa a nan?

Ya yi dariya ya ce, “Haka duk masunta ke cewa. Gilashin mota shi ne koginmu. Nemi wadda rana ta daka, ka duba.”

Akwai wata farar mota tsaye a tsallaken hanya, gilashin gabanta yana walƙiya, ba ka ganin komai. Na saka tabarau na dube ta. Hasken ya ɗauke, cikin motar ya fito tas. Direba yana shan taba. A kujerar baya mutum biyu ne cikin kayan gida, a tsakiyarsu ga maƙwabcina, hannuwansa a baya, leɓensa a kumbure, da rigar da ya fita da ita. Ni yake kallo. Ya ɗan sunkuyar da kai, kaɗan, yadda muke gaisawa a masallaci in liman ya fara huɗuba.

 Na kusa da shi a motar ya juyo ya bi inda yake kallo da ido. Mai tabarau kuwa, Allah ya shirye shi, sai ɗaga murya yake: “Ka ga ciki ko? Karkata kai, za ka ga ƙyallin ya dawo! Faɗa mini me ka gani!” Na ce, “Ban ga komai ba.” Ya ce wallahi ƙarya nake, ya miƙo hannu zai karɓa ya duba da kansa. Na riƙe hannun nan na matse har ya yi ƙara. Ya dubi fuskata, ya saci kallon motar, sai ya hau jera kayansa yana magana a kan zafin rana. Ban san lokacin da na biya ba. Na kutsa cikin masu jiran bas, ina jin kamar ana taɓa mini ƙeya, har na tsallaka gada ban waiwaya ba.

Da la'asar Hajja tana zaune a ƙofar gida, inda ta koma zama tun da abin ya faru. Ta ce, “Ɗana, ka fito daga Khartum, ba ka ji komai ba?” Maganar tana bakina. Amma na san Hajja, ba za ta iya riƙewa ba, gobe da safe za ta je ta ce an ga ɗanta a mota kaza, a ce wa ya gani. Ina da 'ya'ya mata uku. Kuma irinmu da asalinmu daga yamma ne, da an shiga da kai abin da za a fara tambaya shi ne takardar zama ɗan ƙasa, ko da kakanka a nan aka binne shi. Na ce, “Babu, Hajja, sai dai addu'a.” Ta ce, “Allah ya yi maka albarka.”

Wata bakwai na yi a haka. Mota ta tsaya a layinmu, sai in ajiye loma. A wurin aiki in baƙo ya tambayi usta, in ce ya fita, alhali ni ne. Na koma bin bayan layi don kada in wuce ta gabanta, ita kuwa tana ta ramewa har zobe ya daina zama a yatsanta. Ko matata ban gaya wa ba. Tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar tsoron, amma tsoron ya fi ƙarfi.

Wata Talata da rana sai guɗa ta tashi a gidansu. An sako shi. Na shiga tare da maƙwabta, na same shi a kan gadon igiya a tsakar gida, ya tsufa, Hajja tana riƙe da ƙafarsa. Da ya gan ni ya yunƙura ya rungume ni, ya ce a gaban kowa, “Ɗan'uwa, kai ka riƙe ni. Ranar da ka gan ni na ce shi ke nan, yau Inna za ta ci abinci, ta san ina raye. Duk abin da suka yi mini, da wannan nake kwana.”

 Hajja ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Sannan ta juya ga ɗanta, ta gyara masa matashi.

Ta ce, “Ya faɗa mini, ɗana. Tun a ranar ya zo ya faɗa mini.”