Alƙalin da ya ɗaga hannun abokin karawar ɗansa

Gwiwar Sani ta ɗan taɓa ƙasa a filin kokawar Mirriya, ya miƙe wuf. Ba wanda ya lura sai alƙalin wasan, wanda kuma shi ne mahaifinsa. Dattijon ya hura usur, ya ɗaga hannun abokin karawar Sani, ɗan kokawar garin Dogo.

Tsohon malaminmu na lise, wato sakandare, da ke gefena, ya ce a hankali, "Brabeuo."

Na kira shi yadda muke kiran malamai da Faransanci, na ce, "Mushe, wane yare ne wannan?"

Ya ce, "Girkancin dā. Ma'anarta: ina alƙalancin gasa, ina bai wa mai nasara haƙƙinsa. Aikatau ce. Tun ina saurayi na san ta a takarda, sai yau na ga an aikata ta."



Ku fa, da ɗanku ne, za ku iya hura usur ɗin nan?